Yadda Ake Shirya Lacca da Wasan Gargajiya a Cibiyar Bincike

Wannan bayani na ma'aikacin da aka ɗora wa nauyin shirya taron lacca a karon farko ne, ko a cibiyar bincike yake, ko a tashar gwajin iri, ko a wata tsangaya ta jami'a a nan jihar Kebbi. Na daɗe ina wannan hidima, kuma abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne ma'aunin taron: manomi ko masunci ko makiyayin da ka gayyato ya koma gida da abu guda da zai iya aikatawa, shi kuma mai bincike ya koma ofis da tambayar da bai taɓa kawo ta a ransa ba. Cikar rumfa da jerin motocin manyan baƙi suna da kyau a hoto, amma idan waɗancan biyun ba su samu ba, an yi asarar kuɗi. Kiɗa da wasa ma wannan aikin za su taya ka idan ka zaɓe su da lura. Zan riƙa buga misali da shinkafa, tunda ita ta fi tara mana jama'a daga Argungu zuwa Suru, Bagudo har Yauri, amma matakan ɗaya ne ko kan albasar Aliero za a yi magana, ko kifi, ko cutar dabbobi.

Kayan da za ka tanada

- Ɗakin taro mai iska, ko rumfunan haya idan a fili za a yi.
- Kujeru da tabarmi. Dattawa da yawa sun fi sakewa a tabarma, mata masu goyo ma haka.
- Lasifika biyu aƙalla, da makirufo uku: ɗaya na mai lacca, ɗaya na ɓangaren maza, ɗaya na ɓangaren mata. Ka sayi sabon batir, ka riƙe wani a aljihu.
- Janareto da isasshen mai, da doguwar waya domin a kai shi nesa da taro.
- Kwamfuta da majigi, idan ɗakin yana yin duhu. Idan a rumfa ne, ka bar majigi a ofis, hasken rana zai shanye hoton. Ka buga manyan hotuna a ƙyalle a rataya.
- Kayan nuni na hannu: dammunan shinkafa iri-iri da saiwarsu, kwanukan iri, buhun yuriya da na kamfa, sikeli, igiyar awo.
- Ruwan sha mai yawa, butoci, duro na ruwan alwala, wurin salla, da makewayi na maza daban na mata daban.
- Littafin rajista, biro, da takardar tsarin taro.
- Akwatin taimakon gaggawa, da ma'aikacin lafiya ɗaya.
- Waya mai sarari domin naɗar murya, da mai ɗaukar hoto.
- Goro, abinci, da tsabar kuɗi ƙanana na kuɗin mota. Kada ka dogara da turawa ta waya, sabis yakan ƙi a ranar da aka fi bukatarsa.

1. Nemi izini a rubuce, ka kafa ƙaramin kwamiti

Rubuta wa shugaban cibiya takarda mai shafi ɗaya: abin da za a yi, waɗanda za a gayyata, da abin da zai ci. Ka jira sa hannunsa kafin ka yi wa kowa alkawari. Kwamitin mutum biyar ya isa: mai kula da lacca, mai kula da wasanni, mai kula da wuri da wuta, mai kula da baƙi da abinci, da ma'aji. Lalle ne mace ta kasance a ciki, domin ita za ta iya shiga gidaje ta gayyato mata. A cikin kasafi ka ware kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana. Idan kuɗin bai kai ba, abin da ake fara ragewa shi ne jakunkuna da riguna masu tambari. Ruwa da sauti da kuɗin motar manoma ba a taɓa su.

2. Zaɓi maudu'i, sannan ka nemo mai lacca

Da yawa sukan fara da nemo babban farfesa, sannan su tambaye shi me zai faɗa. Ka juya tsarin. Je ka zauna da malaman gona na KARDA, wato hukumar bunƙasa noma ta jiha, da shugabannin ƙungiyar manoman shinkafa ta RIFAN na ƙaramar hukuma, da mata masu turara shinkafa, ka ji abin da ya fi damunsu bana. Daga nan maudu'i zai fito, kuma ya zama tambaya ɗaya mai iyaka. "Noman shinkafa a Nijeriya" ya yi faɗi, ba wanda zai ƙaru. "Wane iri za a shuka a fadamar da ruwa ke ci kowace shekara?" shi ne maudu'i. Duk wanda ya ga ambaliyar 2012 da ta 2020 a fadamun Kebbi zai bar aikinsa ya zo jin amsar wannan.

Idan cibiyarku ba ta da masani a fannin, akwai inda ake nemowa. Shinkafa tana ƙarƙashin Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi a jihar Neja, wadda take da tasha a Birnin Kebbi. Masara, dawa, wake, gyaɗa da auduga na cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ne a Zariya, kuma tana da tasha a Talata Mafara, kusa da madatsar Bakolori. Gero da alkama na Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ne a Maiduguri. Kifin ruwan daɗi na cibiyar New Bussa ne, kiwo na cibiyar NAPRI a Shika, cututtukan dabbobi kuma na cibiyar Vom a jihar Filato. A gida muna da malamai a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da Jami'ar Aikin Gona ta Zuru. Na kusa ya fi araha, kuma ana iya komawa gare shi bayan taro.

Sharaɗina ga mai lacca biyu ne: ya kasance shi ya yi aikin da hannunsa, kuma ya iya bayani da Hausa. Matashin mai bincike da ya sha taɓo a fadama ya fi mini wanda zai karanto aikin wasu. Idan masanin ba ya jin Hausa, ka haɗa shi da tafinta wanda ya san aikin gona, malamin gona ya fi dacewa, kuma ka rage tsawon laccar da rabi domin fassara tana ninka lokaci. A yankin Zuru ka tanadi mai jin Dakarci, a Dandi da Kamba mai jin Zabarmanci, idan kuma da makiyaya, mai jin Fulatanci.

3. Tsayar da rana

Lacca tana amfani ne idan ta riga aiki. Idan a kan noman rani ne, a yi ta wajen ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, kafin a zuba iri. Idan ta damina ce, watan Mayu, kafin ruwa ya zauna, lokacin hasashen damina na hukumar kula da yanayi ta NiMet ya riga ya fito, manomi kuma bai gama yanke shawarar irin da zai saya ba. Sai dai zafin Afrilu da Mayu a nan yakan haura maki 40, don haka a fara da sassafe a tashi kafin rana ta take.

Ka kauce wa Juma'a, da ranar kasuwar garin da ta garuruwan da ke kewaye, da tsakiyar shuka ko girbi. A yankin da ke da Kiristoci da yawa ka kauce wa Lahadi. Cikin azumi ana iya lacca da safe, amma ba kiɗa ba abinci, gara a ɗaga. Ka kuma tambayi fada ko akwai naɗin sarauta ko wani biki a ranar. Wasu sukan so su jingina taronsu da bikin kamun kifi na Argungu domin cin moriyar jama'a. Baje kolin kayan bincike yana tafiya a can, amma lacca ba ta samun kunne, masauki kuma yakan yi wuya.

4. Gayyata

Fara da fada. Masarautun Kebbi huɗu ne, Gwandu, Argungu, Yauri da Zuru, kuma wadda cibiyarku take ƙasarta ita za a fara sanarwa. Ana kai takarda da hannu, wata guda kafin taro, ta hannun sakataren masarauta, a kuma je wa hakimi da dagaci da baki. Shugaban cibiya ne zai jagoranci zuwan, kai mai rakiya ne. Ka tambaya tun a nan ko Mai Martaba zai zo da kansa ko wakili zai turo, domin tsarin zama da na tsaro ya danganta da amsar. Ka rubuto sunan sarautar kowa daidai daga bakin sakatare. Kuskuren sarauta a lasifika yana ɓata ran da ba a saurin gyarawa.

Manoma ba a gayyatarsu da kati. Ana bi ta shugabannin ƙungiyoyi da Sarkin Noma, a gaya wa kowace ƙungiya adadin mutanen da za ta kawo, a kuma faɗi ƙarara ko akwai kuɗin mota ko babu. Ka roƙi a turo masu shiga gona da kansu. Idan ba ka faɗi haka ba, za ka ga fuskokin da kullum su ne a kowane taro. Sanarwa a rediyo kwana uku a jere tana taimakawa, haka saƙon murya a WhatsApp. Idan ba kuɗin rediyo, sanƙira da sanarwar masallaci bayan salla sun wadatar a ƙauye.

Sanar da 'yan sanda a rubuce mako guda kafin taro, ka kuma tsara yadda baƙin nesa za su kama hanya da sauran rana.

5. Zauna da mai lacca ku juya maganar zuwa ma'aunin manomi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Kwana uku kafin taro, ko ta waya ce, ka sa mai lacca ya gabatar maka da abin da ya shirya, kai da malamin gona ɗaya da manomi ɗaya kuna saurare. Duk inda manomin ya yamutsa fuska, a tsaya a gyara.

Abu na farko lissafi ne. Mai bincike yana magana da hekta da tan da kilo na sinadari, manomi kuma da eka da buhu da kwano. Hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce. Tan ɗaya kilo 1,000 ne. Idan mai lacca zai ce iri kaza ya ba da tan 4 a hekta, ku ɗora buhun shanshera na garin a sikeli ku gani. In ya yi kilo 80, to buhu 50 ke nan a hekta, kimanin buhu 20 a eka, kuma haka za a faɗa. Taki ma haka ne. Yuriya kashi 46 cikin 100 nata ne sinadarin da ke sa ganye kore, don haka buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Kamfa mai lamba 15-15-15 kuwa kilo 7 da rabi na wannan sinadari ke cikin buhunsa. Wanda ya ce a zuba kilo 46 na sinadarin a hekta, buhu biyu na yuriya yake nufi. Idan aka bar shi ya faɗa yadda ya rubuta, wani zai tafi ya zuba kilo 46 na yuriyar kanta, wato ƙasa da rabin abin da ake nufi, sannan ya ce binciken ƙarya ne.

Na biyu sunaye. A takarda sunan irin shinkafa FARO 44 ne ko FARO 52, amma kowane gari da sunan da yake kiran irinsa. Ku ɗauki kwanon iri ku nuna wa manomin da ke zaune ya faɗi sunan da suka sani, mai lacca ya riƙa haɗa biyun.

Na uku gaskiyar magana. Mai lacca ya rarrabe abin da aka tabbatar da abin da ake kan gwadawa, ya kuma faɗi iyakar kowane abu. Misali FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka saki a 2017, an samar da su ne domin su jure nutsewa a ruwa har kimanin mako biyu. Dole a faɗi wannan mako biyun da babbar murya. Idan aka ce kawai "ruwa ba ya cin su", mai gonar da ruwa ke kwanciya wata guda zai shuka, ya yi asara, kuma daga ranar ya daina yarda da duk wanda ya fito daga cibiya. Yardar nan ita ce jarinmu, kuma ina ganin kare ta ya fi komai muhimmanci a wannan aiki.

Tsawon lacca minti 30, in ta yi yawa 40. Hotuna kada su wuce goma, rubutu kaɗan, jadawalin alƙaluma ko ɗaya kada a sa. Gani ya kori ji: damin shinkafa biyu, ɗaya daga gonar da aka yi dashe a layi, ɗaya daga wadda aka yi yafi, a miƙa su hannu zuwa hannu mutane su ƙirga 'ya'yan da kansu.

Idan shugabanni suna son zama irin na masana, da maƙala da ta'aliƙi da Turanci, abu ne mai kyau, amma a ba shi lokacinsa daban, ko jajibiri da yamma ko kashegari. A wannan zaman ana karɓar maƙala mako biyu kafin rana, a ba mai ta'aliƙi ya karanta, a raba tsakure ga mahalarta, a gayyato ɗalibai, kowane mai gabatarwa minti 20. Haɗa zaman biyu wuri ɗaya yana sa manomi gyangyaɗi, masani kuma ya ji an takura shi.

6. Zaɓi wasannin da suka dace da laccar

Tambayar da za ka yi wa kowane wasa ita ce: me ya haɗa shi da maudu'in? Idan shinkafa ce, nemo makaɗan noma da gangunansu, da mata masu lugude a turmi. Ka sa a dafa iri uku ko huɗu a tukwane daban, a yi tuwo da dafa-duka da masa, a rufe sunayen, jama'a su ɗanɗana su zaɓa. Ka tsaya kusa da teburin nan ka ga yadda tsohuwa za ta ɗebi tuwo ta mulmula a tafin hannu, ta matsa da babban yatsa ta ga ko yana da danƙo, ta shinshina kafin ta kai baki. Hukuncinta kan wane iri ne ke kumbura, wanne ke kwana bai saki ba, bayani ne da ba ya fitowa a ɗakin gwaji. A sa mutum da littafi ya rubuta.

Ka ba dattijo ɗaya minti goma ya yi magana kan irin shinkafar da. Fadamun kogin Rima sun daɗe da noman jar shinkafar Afirka, mai miƙa kara tana bin ruwa yayin da yake ƙaruwa, tun kafin irin zamani ya iso. Akwai tsofaffin da har yanzu suke ajiye da irin kuma sun san wace fadama ke karɓar wanne. Ka roƙe shi ya zo da kwano guda a nuna.

Idan kifi ne, gayyato Sarkin Ruwa da masunta su zo da homa da gora su nuna yadda ake aiki da su. Bikin Argungu, wanda aka faro a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, yana tafiya ne a kan doka guda: ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada har sai ranar biki, shi ya sa ake fito da manyan giwan ruwa. Mai binciken da zai yi magana kan hutar da ruwa da girman idon taru ya fara daga nan, zai tarar masunta sun riga sun san rabin maganar. A Yauri akwai masu tseren jirage na Rigata, a Zuru akwai masu rawar Uhola, kowace ƙasa a nemi nata.

Wasan kwaikwayo na minti goma, wanda ɗalibai ko matasan gari za su yi a kan saƙon laccar, yana shiga kai ƙwarai, muddin mai lacca ya duba shi tukuna domin kada a yaɗa kuskure cikin raha. Kokawa tana jan jama'a, amma tana bukatar yashi, alƙali da ma'aikacin lafiya, kuma sai bayan la'asar. Dambe ni ba na sa shi a taron cibiya, domin rauni yana da sauƙin samuwa kuma cibiya ce za ta ɗauki alhaki.

Ka je wurin shugaban makaɗa da kanka, ku yi ciniki ku gama, ka ba da rabi, ku yarda da minti nawa za su yi. Ka gaya masa saƙon laccar da jimla biyu, gwanin mawaƙi zai saƙa shi cikin waƙa jama'a su tafi da shi a baki. Ka kuma roƙe shi kada a yi zambo, kada a wasa ɗan siyasa. Waɗannan mutane masu sana'a ne, a ba su wurin zama a inuwa da abinci irin na kowa, a kira sunan ƙungiyarsu a lasifika. Idan ba kuɗin ɗauko makaɗa, ƙungiyar al'adu ta makarantar sakandare da baje kolin abinci sun isa.

7. Jajibiri

A kafa rumfuna da yamma, bayansu ga gabas domin ranar safe kada ta daki fuskokin mutane. Lokacin hunturu a yayyafa ruwa a fili saboda ƙura, a ɗaure ƙafafun rumfa da kyau. A tayar da janareto a gwada sauti, kai kuma ka je kujerar ƙarshe ka zauna ka ji da kunnenka. A liƙa suna a kujerun manyan baƙi. Ɓangaren mata ya kasance a gefe, daura da mai lacca, da lasifikarsa. Idan aka kai su can baya, ba za su ji ba kuma ba za su yi tambaya ba. Teburin nuni a bakin ƙofa, domin wanda ya iso da wuri ya sami abin dubawa.

8. Ranar taro

Ga tsarin da ya fi yi mini aiki, sai dai lokacin zafi a matso da shi zuwa sassafe:

9:00 isowa, rajista, zagaya teburin nuni, kiɗa a hankali
10:00 addu'a da jawabin maraba
10:15 lacca
10:50 jawabin dattijo
11:00 tambayoyi
11:45 kiɗa da wasan kwaikwayo
12:30 ɗanɗana abinci
1:00 jawabin uban taro da godiya
1:30 salla, abinci, sallama

Ka lura lacca ta riga jawaban manya. Idan aka fara da jawabai, sai rana ta yi tsaka kafin a zo ga abin da ya tara mutane, manyan baƙi kuma su tashi da rabin jama'a. Idan babban baƙo ya makara, shugaban taro ya ba da izini a fara, in ya iso a dakata a tarbe shi yadda ya kamata, sannan a ci gaba. Ka shaida wa fada wannan tsari tun ranar kai takarda domin kada ya zama raini. A taron da ya haɗa Musulmi da Kirista, a ba kowane ɓangare addu'a, ɗaya a buɗewa ɗaya a rufewa.

Mai gabatarwa ya zama mai ladabi da iya tsayar da magana. "Ranka ya daɗe, saura minti biyu," a rubuce a 'yar takarda, ya fi a karɓe makirufo. Dillalan magani da taki za su nemi a ba su dama. A ba su teburi a waje idan shugaba ya yarda, amma kada su hau mumbari, domin duk abin da aka faɗa daga nan jama'a za su ɗauka cibiya ce ta amince da shi.

9. Tambayoyi

Kada ka yarda a matse wannan lokaci don an makara, gara a rage kiɗa. A karɓi tambaya uku a amsa, sannan wasu uku, ana sauyawa tsakanin maza da mata, mace ce kuma za ta riƙe makirufon mata. Sau da yawa ba wanda ke son fara magana a gaban sarakuna, don haka ka shirya da mutum ɗaya ya buɗe. Da zarar wani tsoho ya miƙe ya ce, "Malam, mu da ruwa ka kwana wata guda ga gonakinmu, mi za mu shuka?" sauran za su biyo.

Idan mai lacca bai san amsa ba, ya ce zai bincika, a rubuta sunan mai tambaya da garinsu. Za a yi koke kan tsadar taki da mai da bashi. A saurara, a rubuta, a faɗi gaskiya cewa wannan ba a hannun cibiya yake ba amma za a isar. Mutum ɗaya aikinsa kawai rubuta kowace tambaya yadda aka yi ta.

10. Rabo da sallama

Idan akwai samfurin iri, kada a raba a fili, wawaso zai tashi kuma tsofaffi da mata ne za su rasa. A ƙulla a leda da sunan irin da taƙaitaccen bayani da boko da ajami, a damƙa wa shugaban kowace ƙungiya bisa rajista, ya sa hannu. Kuɗin mota ma haka, a ɗaki, ƙungiya bayan ƙungiya. Abinci a fara da na nesa. A sallami makaɗa da cikon kuɗinsu kafin su naɗe kaya.

11. Bayan taro

Cikin mako guda a kai takardun godiya fada da wurin mai lacca, a biya masu rumfa da kujeru, ma'aji ya miƙa lissafi da rasidai. Ka yanke muryar da aka naɗa zuwa guntaye na minti uku-uku, kowane guntu magana ɗaya, ka tura wa shugabannin ƙungiyoyi ta WhatsApp, ka kai kwafi gidan rediyo ko za su sa a shirin manoma. Kafin ka sa hoton mata ko waƙar makaɗa a Facebook, ka nemi yardarsu.

Tambayoyin da aka rubuta a buga su, a raba wa masu bincike gwargwadon fanninsu, a sa ranar da za su dawo da amsa, malaman gona kuma su mayar wa masu tambaya. Sakamakon ɗanɗanon abinci a kai wa masu kula da iri. Sannan ka zaɓi mutum goma daga rajista, daga garuruwa daban-daban, ka rubuta lambobinsu a gaban littafinka. Idan shuka ta yi wata guda ka kira su, ko ka hau babur ka je, ka tambayi wanda ya gwada abin da aka faɗa, da wanda bai gwada ba da dalilinsa. Abin da suka gaya maka shi za ka sa a shafin farko na takardar neman izinin taro na gaba.